Taɓa Ƙafar Malami, Wanke Ƙafar Iyaye: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarbiyya a Makarantun Hindu

Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya saba ganin abin: saurayi ya shigo gida, kafin ya ce uffan ya sunkuya ya taɓa ƙafar mahaifiyarsa, ita kuma ta dafa masa kai. A talabijin abin kallo ne kawai. Amma ranar da karatu ko aiki ya kai mutum Delhi ko Pune da iyalinsa, yaro ya dawo daga makaranta da takarda cewa jibi akwai bikin girmama malamai, kowa ya zo da furanni, a ranar ce maigida ke gyara zama ya fara tambaya. Ga tambayoyin da iyaye da ɗalibanmu na can suka fi maimaitawa.

Wane ne "guru", kuma me ya raba shi da malamin aji?

Kalmar ta Sanskirit ce, tsohon harshen littattafan Hindu, kuma asalin ma'anarta "mai nauyi". Bahaushe ba zai sha wuyar ganewa ba, tunda mu ma mukan ce muna jin nauyin mutum. Akwai wata fassarar da ake koya wa yara tun firamare, wai *gu* duhu ne, *ru* kuma mai kore shi. Masana harshe ba su yarda nan kalmar ta fito ba, amma ita ce ta zauna a bakin jama'a, ita za ka ji a jawabin kowane shugaban makaranta.

Tsofaffin littattafai sun rarrabe masu koyarwa. *Upadhyaya* shi ne mai koyar da wani yanki na karatu don neman abinci. *Acharya* shi ne wanda ya karɓi yaro, ya shigar da shi karatu, ya koya masa littafi da ɗabi'a gaba ɗaya. Guru a cikakkiyar ma'anarsa jagora ne na ruhi, kusa da abin da ɗan ɗarika ke nufi idan ya ce "shehina". Malamin lissafi na yau ma'aikaci ne mai jiran albashi, sai dai an aro rigar wancan tsohon gurun an yafa masa. Yawancin gardamar da za ka karanta a ƙasa daga wannan aron ta taso.

Daga ina wannan girmamawa ta samo tushe?

Nassin da aka fi ambato yana cikin Taittiriya Upanishad, ɗaya daga tsofaffin littattafan addininsu. Huɗuba ce da malami ke yi wa ɗalibi ranar sauka, kafin ya sallame shi gida. Bayan ya hore shi da faɗin gaskiya da tsayawa kan daidai da kiyaye bita, sai ya kawo jimloli huɗu: *matru devo bhava, pitru devo bhava, acharya devo bhava, atithi devo bhava*. Wato ya riƙi uwa tamkar abin bauta, haka uba, haka malami, haka baƙo. Za ka gan su a rubuce a bangon ajujuwa, ta huɗun kuma hukumar yawon buɗe ido ta Indiya ta ɗauke ta ta yi take da ita.

A ƙarƙashin wannan akwai maganar bashi. Koyarwar Veda, mafi tsufan littattafan addinin Hindu, ta ce ana haihuwar mutum da bashi uku a wuyansa: na alloli, na magabatan masana, da na kakanni. Na masana da karatu ake biyansa, na kakanni kuma da barin zuriya. Don haka idan yaro Bahindu ya sunkuya gaban malaminsa, a fahimtar addininsa bashi yake ragewa, ba ladabi kaɗai yake nunawa ba. Huɗubar tana da wata jimlar da ba a cika rubutawa a bango ba. Tana cikin amsar tambaya kan iyakar biyayya.

Wa ke gaba, iyaye ko malami?

Littattafan kansu ba su tsaya kan magana ɗaya ba. Manusmriti, littafin dokoki mai kimanin shekara dubu biyu, ya ce *acharya* ya fi *upadhyaya* goma, uba ya fi *acharya* ɗari, uwa kuma ta fi uba dubu. Baiti na gaba sai ya juya ya ce tsakanin uban da ya haifa da wanda ya koyar da Veda, mai koyarwar ne babba. A ƙasar Tamil yara na haddace kalmomi huɗu a jere: *Mata, Pita, Guru, Deivam*. Bayanin da ake yi musu shi ne uwa ke nuna maka uba, uba ya kai ka gun malami, malami ya nuna maka abin bauta. Kabir, masaƙin nan mai waƙa na Varanasi a ƙarni na 15, yana da baitin da ake koyarwa a darasin Hindi, inda ya ce in guru da abin bauta suka tsaya gabansa tare, ƙafar gurun zai fara taɓawa, don shi ya nuna masa hanya.

Mutanen tsibirin Bali a Indonesiya, inda Hindu suka fi yawa, sun raba gardamar cikin sauƙi. Darasin addini a makarantunsu na koyar da *Catur Guru*, wato guru huɗu: iyaye *Guru Rupaka*, malaman makaranta *Guru Pengajian*, gwamnati *Guru Wisesa*, mahalicci *Guru Swadyaya*. Shigar gwamnati cikin jerin ya sa bin doka da biyan haraji su ma suka zama darasin addini, abin da ba na jin wani mai mulki zai ƙi.

Da gaske ne tsohon tsarin gurukula ya yi kama da tsangaya?

Ya yi, fiye da yadda ake zato. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 ake yi wa bikin *upanayana*, a rataya masa zare a kafaɗa, a miƙa shi gidan guru. Zai zauna kimanin shekara 12, ya yo itace, ya kula da wuta, ya yi kiwo, ya riga malam tashi, ya kwanta bayansa. Karatu da ka ne, baki da baki, ana nanatawa har ya zauna. Kuma yana fita bara, yana cewa *bhavati bhiksham dehi*, "uwargida, a ba ni sadaka", abin da ya samo ya fara kai wa malam. An ma tsara cewa barar farko gun mahaifiyarsa zai yi, ko 'yar'uwarsa, ko wata da aka san ba za ta kore shi ba. Duk wanda ya taɓa jin "iya, ko ɗan ƙanzo" a ƙofar gida, wannan zai taɓa masa zuciya.

Chandogya Upanishad na da labarin da nake ƙauna. Wani yaro, Satyakama, ya je neman karatu, malam ya tambaye shi zuriyarsa. Ya ce bai sani ba. Mahaifiyarsa Jabala ta gaya masa ita ma ba ta sani ba, domin ta yi aikatau wurare da yawa a ƙuruciyarta. Malam ya ce ba mai iya faɗin wannan gaskiyar sai Brahmin, wato ɗan ajin malaman addini, ya karɓe shi karatu. Sai ya ware masa ramammun shanu 400 ya ce ya tafi da su daji. Yaron bai dawo ba sai da suka kai 1,000.

Inda suka rabu da tsangaya shi ne ƙofa. Makarantar allo ba ta tambayar asalin yaro kafin a wanke masa allo. Karatun Veda kuwa an keɓe shi ga maza 'ya'yan manyan aji uku, a tsarin nan da ya kasa mutane aji-aji tun daga haihuwa, sauran an hana su. Duba amsar tambaya kan Ekalavya. Makarantun Veda na kwana suna nan har yau, amma ƙalilan ne, kuma gidauniyoyi da wuraren bauta ke ciyar da su.

Yaya ake sa yaro karatu ranar farko?

A jihar Kerala sunan bikin *Vidyarambham*, ana yinsa ranar Vijayadashami, tsakanin Satumba da Oktoba. Ana zaunar da yaro ɗan shekara uku ko kusa da haka a cinyar kakansa, ko ubansa, ko wani malami da ake jin nauyinsa. Gabansu faranti cike da ɗanyar shinkafa. Babban ya kama manunin yaron na dama ya ja shi cikin shinkafar yana rubuta kalmomin buɗe karatu, sannan ya ɗauki zoben zinariya ya zana harafi a harshensa. A nan ne yawancin yara ke fashewa da kuka, iyaye na dariya suna ɗaukar hoto. Daga ƙarshe a danƙa wa yaron ganye da 'yar tsabar kuɗi ya miƙa wa wanda ya riƙe masa hannu. Dubban iyalai na tafiya Tirur, mahaifar Ezhuthachan da ake kira uban harshen Malayalam, don a yi wa 'ya'yansu a can, kuma yanzu har coci-coci da gidajen jarida na shirya irinsa. A Bengal ana ce masa *hate khori*, "alli a hannu".

Me ya sa ƙafa ake taɓawa, ba hannu ba?

A al'adarsu ƙafa ce mafi ƙasƙancin gaɓa, kai ne mafi daraja. Wanda ya kai hannu ƙafar wani ya dawo da shi goshinsa ko ƙirjinsa, cewa yake ƙurar ƙafarka ma albarka ce a gare ni. Sunan abin *pranam* ko *charan sparsh*. Wanda aka taɓa kuma akwai nasa aikin: ya dafa kai ya ce *jeete raho*, "ka yi tsawon rai". Yara kan yi shi ranar jarrabawa kafin su bar gida, da ranar da sakamako ya fito. A birane ya gajarce, hannu bai wuce gwiwa ba babba ya tare shi. Kwanciya rub da ciki, *dandavat*, wannan na wurin bauta ne da gaban manyan guru.

Tunanin nan ne ya sa in ƙafar yaro ta taɓa littafi bisa kuskure, sai ya shafa littafin ya kai hannu goshi, domin littafi a wurinsu na Saraswati ne, allahiyar ilmi. Ka gaya wa ɗanka kada ya taka littafi ko ya miƙe ƙafa wajen malami a aji. Mu ma dama ba mu yi wa allo haka. A wasu yankunan arewacin Indiya kuma 'ya mace ba ta taɓa ƙafar iyayenta kafin aure, su ne ma ke taɓa tata a wasu bukukuwa.

Mene ne bambancin Guru Purnima da Ranar Malamai ta 5 ga Satumba?

Guru Purnima bikin addini ne, ranar cikar watan Ashadha, a Yuni ko Yuli, farkon damina. Ana danganta shi da Vyasa, wanda al'ada ta ce shi ya tsara Veda gida huɗu ya kuma shirya Mahabharata, doguwar waƙar labarin yaƙin sarakunansu na da. Mabiya Buddha ma na yinsa, don tunawa da huɗubar farko da ya yi a Sarnath, kuma a Nepal ita ce ranar malamai. A makarantar da ke yin bikin, ana kunna fitila gaban hoton Vyasa ko na wanda ya kafa makarantar, yara su rera baitin *Gurur Brahma, Gurur Vishnu*, wanda ke daidaita guru da manyan allolinsu, sannan su bi layi su ɗiga wa malamai jan gari a goshi, su miƙa fure, su taɓa ƙafa.

Ta 5 ga Satumba ta hukuma ce, babu ibada a cikinta. Ranar haihuwar Sarvepalli Radhakrishnan ce, malamin falsafa da aka haifa a 1888, ya zama shugaban ƙasa na biyu a 1962. Da ɗalibansa suka nemi yi masa bikin haihuwa, ya ce gara a mayar da ranar ta malamai duka. Manyan ɗalibai kan yi shigar malamai, 'yammata su ɗaura sari, su shiga ƙananan ajujuwa su koyar, malaman na zaune suna shan shayi. Kada a rikita ta da ta duniya ta 5 ga Oktoba da muka sani a gida.

Da waɗanne labarai ake koya wa yara girman iyaye?

Uku sun fi yawo. Na farko Shravana Kumar, wanda iyayensa makafi tsofaffi suka so ziyarar wuraren ibada, ya sa su cikin kwanduna biyu ya rataya a sanda ya saɓa a kafaɗa. Gandhi ya faɗa cewa wannan labarin ya kama shi tun yana yaro. Na biyu Rama, da ya bar sarauta ya shiga daji shekara 14 don kada alkawarin mahaifinsa ya tashi. Na uku shi yara suka fi so: an sa allolinsu biyu, Ganesha da ɗan'uwansa Kartikeya, tseren kewaya duniya. Kartikeya ya hau ɗawisunsa ya ɓace. Ganesha, mai tumbi, abin hawansa ɓera, sai ya kewaya iyayensa ya ce ya gama, tunda su ne duniyarsa. Shi aka ba kyautar.

A Nepal akwai rana ta "ganin fuskar uwa" da ta "ganin fuskar uba", kowace a nata watan. 'Ya'ya na kai kayan zaƙi da tufafi, waɗanda iyayensu suka rasu kuma su je Mata Tirtha ko Gokarna, kusa da Kathmandu, su yi musu sadaka.

Mene ne guru dakshina, kuma me ya sa labarin Ekalavya ke tayar da ƙura?

*Dakshina* kyautar sauka ce. Tsohon tsari ya ƙyamaci ciniki a kan karatu, sai ɗalibi ya gama ya kawo abin da ya sawwaƙa. Manusmriti ya lissafa gona, zinariya, saniya, doki, laima, takalmi, hatsi, har ganyen miya. Ana ba da labarin Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, cewa kanumfari kaɗai ya iya kai wa malaminsa makaho Virajanand a Mathura, malamin ya ce shi ba kanumfari yake so ba, ya ba shi rayuwarsa wajen yaɗa Veda.

Ekalavya a cikin Mahabharata yake. Ɗan sarkin wata ƙabilar daji ne, Nishada. Ya je gun Drona, malamin harbi na 'ya'yan sarki, aka ƙi karɓarsa saboda asalinsa. Ya koma daji ya gina siffar Drona da yumɓu, ya riƙa gaishe ta yana koyon harbi shi kaɗai, har ya fi Arjuna, ɗan lelen malam. Da Drona ya gano, tunda ya riga ya yi wa Arjuna alkawarin babu wanda zai fi shi, sai ya ce in dai ni ne malaminka, ba ni *dakshina*: babban yatsanka na dama. Yaron ya yanke ya miƙa.

Shekaru aru-aru ana karanta wannan a matsayin ƙololuwar biyayya. Marubutan Dalit, waɗanda a da ake ƙyamar taɓawa, da 'yan ƙabilun daji suna karanta shi daban: malamin da bai koyar ba ya karɓi lada, ladan kuma shi ne nakasa yaron da ya fi ɗan masu gari. Ni dai ban ga yadda za a musa musu ba. Indiya ta yau ta riƙe sunayen biyu. Lambar yabo ta masu horar da 'yan wasa, tun 1985, sunan Drona take ɗauke da shi, birnin Gurgaon ma an mayar da shi Gurugram a 2016 saboda shi. Makarantun kwana da gwamnati ke gina wa 'ya'yan ƙabilu kuma sunan Ekalavya aka sa musu.

Mata da 'ya'yan ƙananan aji fa, yaushe suka shigo?

A makare, kuma da wahala. Tsofaffin littattafai sun ambaci mata masana irin su Gargi da Maitreyi, amma daga baya an rufe wa mata ƙofar Veda. Savitribai Phule da mijinta Jyotirao sun buɗe makarantar 'yammata a Pune a 1848; tana tafiya da sari na biyu a jaka, domin ana jifanta da kashin shanu a hanya. A 2014 aka sa wa jami'ar Pune sunanta. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, Dalit ne, yana yaro a kan buhu yake zama nesa da sauran yara, ba ya shan ruwa sai masinjan makaranta ya tsiyaya masa daga sama, an kuma hana shi karatun Sanskirit sai ya ɗauki Farisanci. Duk da haka sunan da duniya ta san shi da shi na wani malaminsa ne Brahmin da ya ƙaunace shi ya ba shi nasa.

Duk makarantun Indiya ne ke yin waɗannan abubuwa?

A'a. Sashe na 28 na kundin tsarin mulki ya hana koyar da addini a makarantar da gwamnati ke ɗauke da nauyinta kacokan. Duk da haka iyakar ba ta fita tas ba: addu'ar safe ta makarantun tarayya, Kendriya Vidyalaya, na da baitocin Sanskirit, an kai ƙara, kuma a Janairun 2019 Kotun Ƙoli ta tura maganar ga babban zaman alƙalai.

Inda abin ya fi ƙarfi shi ne makarantun ƙungiyoyi. Akwai na DAV, na Arya Samaj, da suka faro a Lahore a 1886. Su ba sa bautar gumaka, wuta suke kunnawa su karanta Veda. Akwai na Ramakrishna Mission, da Vivekananda ya kafa a 1897 da sunan gurunsa. Mafi girma ita ce Vidya Bharati, reshen ilmi na ƙungiyar RSS mai kishin Hindu, wadda makarantarta ta farko ta buɗe a Gorakhpur a 1952, yanzu tana da fiye da 12,000. A can *Acharya-ji* ake kiran malami. A ƙasashen waje yawanci ajin ƙarshen mako ne, kamar Islamiyyarmu, irin su Bala Vihar na Chinmaya Mission. A Ingila an buɗe Krishna Avanti a Harrow a 2008, makarantar Hindu ta farko da gwamnatin Birtaniya ke ba kuɗi.

Ɗana Musulmi ne. Dole ya taɓa ƙafa ko ya shiga bikin?

Ba dole ba ne. Sakin layi na uku na sashe na 28 ya ce duk makarantar da hukuma ta amince da ita ko take tallafa wa ba za ta tilasta wa kowa shiga darasin addini ko ibada ba sai da yardarsa, in yaro ne da yardar waliyyinsa. Kalmar da aka yi amfani da ita "mutum" ce, ba "ɗan ƙasa" ba, saboda haka baƙo ma ya shiga. Kirista ma haka.

A aikace ka raba abin gida uku. Miƙewa in malami ya shigo, gaisuwa, rubuta masa katin godiya, kai masa fure ko biro, babu mai ja da wannan. Taɓa ƙafa al'ada ce mai ma'anar addini a bayanta, kuma akwai hadisin da ya hana sunkuya wa mutum a gaisuwa. Yaro ya ɗora hannu a ƙirji ya gaisa da sakin fuska, yawancin malamai sun saba da haka tunda Musulmin Indiya sun kai kashi 14 cikin 100 a ƙidayar 2011. Kewaya fitila gaban mutum ko hoto, da rera baitin da na ambata a amsar Guru Purnima, wannan *puja* ne, ibada ce a wurin masu ita kansu. Abin da ya fi shi ne tun ranar rajista ka buɗe ɗan littafin da makaranta ke raba wa yara don rubuta aikin gida, domin a shafukan farko ake buga addu'o'i da jerin bukukuwa. Ka rubuta wa shugaban makaranta tun da wuri, cikin ladabi. Kada ka bari sai ranar biki yaro ya tsinci kansa a layi, kunya ta hana shi fita.

Su Musulmin Indiya ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. A gidajen kiɗan gargajiya, ustaz Musulmi kan ɗaura wa almajirinsa Bahindu zare a hannu ranar karɓarsa. Ravi Shankar, makaɗin sitar, ya tare a Maihar gun Allauddin Khan a 1938, ya zauna har 1944, kuma "Baba" yake kiransa.

Wanke ƙafa fa? Na ji ana rigima a kai.

Sunansa *pada puja*. A zaunar da iyaye ko malamai a kujeru, yaro ya durƙusa da tasa da buta ya wanke musu ƙafa, ya share, ya zuba furanni, ya kewaya fitila, ya sa musu alewa a baki. In iyaye ne, ba a cika ƙarewa ba sai da hawaye. A Yulin 2025 hotunan ɗalibai na wanke ƙafafun malamai a wasu makarantu masu zaman kansu na Kerala sun tayar da ƙura. Ministan ilmin jihar ya yi tir, ya ce ɗabi'ar bayi ake cusa wa yara. Gwamnan jihar ya ce al'adar ƙasa ce. Ka lura rigimar tsakanin Hindu ce da Hindu, kuma a ƙasar da ke da tarihin da na kawo a amsar ƙananan aji, tambayar wa ke wanke ƙafar wa ba ƙarama ba ce.

Biyayyar ba ta da iyaka ne? In malamin azzalumi ne fa?

Tana da shi a rubuce. Huɗubar Taittiriya ɗin nan da ta ce a riƙi malami tamkar abin bauta, nan take malamin ya ƙara da cewa: kyawawan ayyukanmu za ka bi, ban da sauran. Bhagavad Gita, sanannen littafin addininsu, ta jera abu uku da ake neman ilmi da su, rusunawa da tambaya da hidima, tambaya na tsakiya. Littafin dokokin Apastamba ya ce malami ya so ɗalibi kamar ɗansa, kada ya ɓoye masa ilmi, kada ya sa shi aikinsa har karatu ya lalace. Na Gautama ya ce asali ba a dukan ɗalibi, in ya zama dole to da siririyar igiya ko tsumagiya, wanda ya wuce haka sarki ya hukunta shi. Ko a ɓangaren iyaye akwai Prahlada, yaron da ya ƙi bin umarnin ubansa sarki na ya bauta masa, kuma shi ne gwarzon labarin.

Amma yaron da aka koya wa cewa wanda ke gabansa abin bauta ne, da wane baki zai kai ƙararsa? A makarantun kwana na ƙungiyar Hare Krishna, a Amurka da Indiya, an ci zarafin yara da duka da lalata a shekarun 1970 da 1980. Mujallar ƙungiyar da kanta ta buga binciken a 1998, aka shigar da ƙara a Dallas a 2000, aka daidaita kan diyyar dala miliyan 9.5. Asaram, wani shahararren guru wanda ya yi ta kiran a mayar da 14 ga Fabrairu ranar girmama iyaye maimakon ranar masoya, har jihar Chhattisgarh ta karɓa a makarantunta, kotu a Jodhpur ta yi masa ɗaurin rai da rai a Afrilun 2018 kan fyaɗe ga 'yar shekara 16, ɗalibar makarantarsa. Iyayenta mabiyansa ne, su suka kai ta da hannunsu.

Doka a yau ta fito fili. Sashe na 17 na dokar 'yancin ilmi ta 2009 ya hana dukan yaro da muzanta shi a makaranta, dokar POCSO ta 2012 kuma ta wajabta wa duk wanda ya san an yi lalata da yaro ya kai rahoto. Ka gaya wa ɗanka tun a gida cewa girmama malami bai hana shi gaya maka abin da ya faru ba.

To duk wannan tarbiyyar tana sa 'ya'ya su riƙe iyayensu in sun tsufa?

Da yawa suna riƙewa. Har yau abin kunya ne a ce tsohonka na gidan tsofaffi, kuma gidan da kaka da jika ke ci daga tukunya ɗaya ba baƙon abu ba ne. Sai dai aiki ya watsa 'ya'ya birane da ƙasashen waje, garin Vrindavan kuma cike yake da dubban zawarawa tsofaffi da danginsu suka yasar. A 2007 majalisar Indiya ta yi dokar kula da iyaye da tsofaffi: uwa ko uba na iya kai ɗa gaban kotu ta musamman a yanka masa kuɗin ciyarwa har rupi 10,000 a wata, a soke kyautar gida in an karɓa an yi watsi da mai shi, wanda ya yasar da tsoho kuma ya iya shan ɗaurin wata uku. Jihar Assam ta ƙara gaba a 2017, ta ce ma'aikacin gwamnatin da ya yi biris da iyayensa za a cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa a tura musu. Sunan da aka sa wa dokar shi ne PRANAM, kalmar nan ta taɓa ƙafa.